Kwamandan Sojan Ruwa da Ya Yi Mini Aikin Buta

Tun da na dawo daga Landan ban samu na kwanta da rana ba. Wannan ta shigo sannu da zuwa ta ce in ba ta labari, kafin in kai inda jirgi ya tashi wata ta yi sallama, a ce in koma farko. A gidan kitso an tambaye ni, a Islamiyya an tambaye ni, har tsohon da ke kawo mana ruwa ya tsayar da kurarsa ya ce wai da gaske can ba a ɗauke wuta. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai so ta karanta. Aji shida na tsaya, inda rubutun ya karkace ku gyara a ranku. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa baki da baki ba, don ba zan iya ana kallona ba. Yana ciki.

Yaya Zuwaira ce ta samu ciki bayan shekara tara da aure. Mijinta, Yaya Kabiru, yana aiki a wani gidan rediyo da ke sashen Hausa a can. Inna ce ya kamata ta je jego, amma guiwa da hawan jini suka sa likita ya hana. Sai abin ya faɗo kaina, ni da 'yata Ilham, shekara biyu da rabi, wadda a lokacin nake fama da koya mata fo. Abban Ilham ya amince, ya ce in dai zan dawo da 'yarsa da yatsunta goma.

Kun san ni da tsoro. Daga Kano zuwa Abuja ban saki rigar Ilham ba, duk birkin da direba ya taka sai na karanta abin da na iya. A jirgi wata dattijuwa Bayarabiya ce kusa da ni, ita ta ɗaura mini bel, ita ta buɗe mini abincin da aka kawo, shinkafa ce da ba ta kai ta ɗanɗanon gishiri ba. Ban ɗakin jirgi kuwa, na danna abin da ta ce in danna, ya yi wata zuƙa da na ɗauka ƙasan jirgin ne ya ɓalle. Na fito da Ilham a kafaɗa, takalmina ɗaya a ciki. Dattijuwar ce ta koma ta ɗauko.

Da muka sauka, layi kamar na katin zaɓe, sai dai ba mai ture wani. Na miƙa fasfo da wasiƙar da Yaya Kabiru ya rubuto, matar ta dube ni, ta dubi Ilham, ta tambayi kwana nawa, na ɗaga yatsu biyu na ce wata, da turancin da aka haddatar da ni. Wannan ya wuce lafiya. A wurin kaya ne wani kare mai riga ya zo ya zauna gaban jakata kamar ya san ni. Aka buɗe. Kuka, kuɓewa, kanwa, gero, zoɓo, daddawa, da kilishin da Inna ta nace sai na kai wa mai jego. Jami'in ya buɗe ledar daddawa ya kai hanci, ya ja da baya taku biyu, idonsa ya kawo ruwa. Kilishin ya ɗauke, ya ce ba a shiga da nama. Ni dai na ga alama daddawar ya fi son ya raba ƙasarsu da ita, doka ce ba ta ba shi dama ba.

Yaya Kabiru ya tarye mu, muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da suke ce wa tube. Na shiga da sallama kamar yadda aka koya mini, ba wanda ya ɗaga kai. Mutum ya zauna cinyarsa na gugar taka, har ku rabu bai tambayi gida ba. Sai da muka isa unguwarsu, Dagenham, na ji ana ciniki da Yarbanci a bakin titi, raina ya ɗan kwanta.

Gidan bene ne siriri. Su Yaya suna sama, mai gidan tana ƙasa, kicin ɗaya suke haɗawa. Sunanta Madam Nora, tsohuwa ce 'yar ƙasar Ailan, mijinta ya rasu, gashinta fari tas, ga saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Ko ruwa ban gama sha ba Yaya ta ja ni ɗaki. Ita yanzu Hausarta ta cakuɗe, komai sai ta ce na yi booking, an yi cancel, amma wannan magana da Hausar gidanmu ta yi ta.

"Jidda, ki buɗe kunnenki. Takardar hayarmu ƙarshen watan nan take ƙarewa. Ɗan matar nan kullum yana waya ta sallame mu, ya sayar da gidan ya kai ta gidan tsofaffi. Shekara huɗu sunanmu yana wurin council muna jiran gidan gwamnati, ko kira ba a yi ba. In ta ƙi sa hannu, da jariri za mu fita neman flat a sanyin nan. Zamanki ma alfarma ta yi. Kada ki taɓa mata komai."

Na ce in sha Allahu ko inuwarta ba zan taka ba.

Washegari Madam Nora ta kira ni falonta mu gaisa, na ga jerenta. Kabet ne mai gilashi cike da kofuna da farantai na tangaran, duk sun tsufa sun yi kalar haƙorin mai cin goro, wani ya tsage, wani an liƙe. Da a Ɗorayi aka ga amarya da wannan jere, da dangin uwarta sun shekara ba su fita biki ba. Na tausaya mata a raina, na ce ga gida har gida amma ba mai saya mata sabon seti. Na dai gane nan ne kayan da ba a taɓawa, na riƙe hannun Ilham da kyau.

Yini a kicin nake yi, ina girki ina wanki. Ban ɗakin su Yaya da butarsu suna sama, matakala goma sha uku, ita kuwa Ilham in ta ce fitsari to ya riga ya kama hanya. Akwai wani ɗan ban ɗaki a ƙarƙashin matakala, dab da kicin. Na leƙa, takarda ce kawai a naɗe, ba buta, ba moɗa. Ina juyowa sai na ga wani jug na tangaran a kan taga, daidai ƙofar. Fari ne da ya koma ruwan madara, bakinsa ya ɗan ɓalle. A gefe ɗaya hoton wani mutum mai ƙaton hanci da hula kamar an kifa kwale-kwale, bayansa jiragen ruwa. A ɗaya gefen wasu maza a tsaye da bindigogi da tuta, da rubutu a ƙasa.

Ku yi mini adalci a nan. A wurinmu duk abin da aka buga wa hoton mutum ai kayan rabo ne. Bokiti mai hoton ɗan takara, kofi mai hoton amarya da ango, faranti mai hoton wanda ya sauke Alƙur'ani. Yanzu haka butar bayan gidana hoton wani kansila ce da ya faɗi zaɓe. Na ga tsohon abu mai ɓallen baki, da hoton mutum, ba ya cikin kabet, yana ƙofar ban ɗaki. Me za ku ce? Na ce Allah sarki, ashe turawa ma sun san buta, sai dai tasu nauyi gare ta kuma ba ta da hanci. Mai hular na ɗauka ɗan siyasarsu ne.

Kwana goma yana aiki. Ilham da safe, Ilham da rana, ni ma in matakala ta yi mini nisa. In na gama in ɗauraye shi in goge in mayar inda yake. Wata rana Madam Nora ta tsaya gabansa ta shafa shi, ta ga yana ƙyalli, ta nuna ni da yatsa, ta dafa ƙirji tana godiya. Na yi murmushi na ce ba komai. Har na hau sama na gaya wa Yaya matar nan tana yaba tsaftata.

Kwana shida da zuwana aka yi wa Yaya aiki aka ciro 'ya mace, lafiya lau. Jegonsu na can ba jego ba ne. Ba ganyen darbejiya, ba tukunyar wanka, likita ya ce kada ruwan zafi ya kusanci ɗinki. Kunun kanwa kawai na samu na ɗura mata, shi ma tana cewa wai sai ta yi checking da nas.

Ana saura kwana uku suna Madam Nora ta gayyace mu shayi, ni da Yaya Kabiru. Shayinsu ba kauri, biskit biyu biyu. Ta buɗe kabet ta fara ciro kayan ɗaya bayan ɗaya, Yaya Kabiru yana fassara mini da muryar da yake karanta labaran duniya. Wai kayan gadon gidan mijinta ne, sun haura shekara ɗari biyu. A wancan zamanin sarkin Ingila ya kwashe sojoji ya kai yaƙi wata ƙasa, aka bar Ailan ba mai tsaro, sai mutanen gari suka ɗinka kaki da kansu, suka sayi bindigogi, suka kafa rundunar sa-kai. Masu yin tangaran suka riƙa buga hotonsu a kofuna da farantai don girmamawa, da hoton kwamandojin sojan ruwa da suka ci yaƙi a teku. Wannan ya shige ni, domin Kawu Ila ɗan sa-kai ne a ƙauyenmu, shekara nawa yana kwana a bakin daji da bindigar toka, ko cokali ba a taɓa bugawa da sunansa ba.

Sai ta ce mu jira, babban yana waje. Ta fita. Ta dawo da tawul a hannu biyu, ta ajiye a tsakiyar tebur, ta buɗe a hankali kamar mai buɗe fuskar amarya.

Butata ce.

Ta ce shi ne uban duka. Kakan kakan mijinta yana cikin 'yan sa-kan nan, shi ya saye shi. Mai hular kwamandan sojan ruwa ne na sarkin Ingila. Mijinta ne ya ajiye shi a taga don ya riƙa ganinsa duk shigowarsa gida, tun da ya rasu ba ta matsar da shi ba. Kuma a danginsu duk jaririn da aka haifa a gidan da jug ɗin yake, sai an cika shi an zuba wa baƙi sun sha don lafiyar yaron. Su giya suke sawa, amma ta san ba ma sha, don haka ranar suna a cika shi da jan abin nan da Jidda ke dafawa. Yaya Kabiru ya ji daɗi har ya miƙe tsaye. Ya ce wannan karamci ne babba, liman zai fara sha, sannan manyan wurin aikinsu.

Na ajiye biskit ɗin da ke hannuna. Na san ƙazanta ba ta taɓa shi ba, zubawa kawai nake yi. Amma ku faɗa mini Bahaushen da zai sha ruwa a butar bayi, ko sabuwa ce fil, in dai ta shiga sau ɗaya. In na yi shiru, liman ya sha. In na yi magana, Yaya ta fita titi da ɗinki a ciki.

Dabara ta farko da ta zo mini ita ce in samo irinsa in musanya. Washegari Yaya Kabiru zai je karɓo fasfonsa a wani ofishi wajen Charing Cross, daga nan ya wuce Whitechapel sayayyar suna, na ce zan bi shi in ga gari. Garin gumaka ne, kowane lungu wani mutumin dutse a kan doki, tattabaru suna yi masa abin da suka ga dama a ka. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai. A wani siririn layi na hango shagon tsofaffin kaya, na ce ina son kallo. Na goya Ilham na ɗaure hannuwanta cikin zani kafin mu shiga.

Mai shagon dogo ne siriri, tabarau a rataye da sarƙa, sai ya sa safar hannu kafin ya taɓa kofi. Yana da wani ƙaramin kofi mai irin mazan nan da bindigogi. Yaya Kabiru ya ba shi labarin na Madam Nora, mutumin ya cire tabarau ya zauna. Ya ce mai hoto biyu, kwamanda da 'yan sa-kai a jiki ɗaya, sau ɗaya ya taɓa riƙewa a rayuwarsa. Ya ce masu irin kayan nan sun san kowane tsagu da ɓalli kamar yadda uwa ta san tabon ɗanta. Ya roƙa a gaya wa mai shi kada a yawaita sa masa ruwa. Na sa a tambayar mini kuɗin ƙaramin kofin. Yaya Kabiru ya ji amsa ya yi dariya, bai ma fassara ba, ya ce in zo mu tafi kafin numfashinmu ya fasa wani abu.

A Whitechapel muka yi azahar a babban masallacin wurin, sannan ya kai ni wurin Mma Azumi, 'yar Gana ce da ke girkin biki da suna, ita za ta yi mana abinci. Mace mai jiki da murya, Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji. Da Yaya Kabiru ya tafi wurin mahauci ta dube ni ta ce fuskata kamar an aiko mini da rasuwa. Ban san lokacin da na faɗa mata komai ba. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta kira wata maƙwabciyarta za ta ba ta labari, na riƙe mata zani ina roƙo.

"Yarinya, ka yi shiru," in ji ta. "Ka wanke shi da ruwan zafi da lemun tsami. Wanda bai sani ba cikinsa ba ya ciwo."

Na ce to ita za ta sha? Ta ce ita ranar tana azumi.

Wannan amsa ce ta yanke mini shawara. Da safe, ana gobe suna, na sami Madam Nora a kicin. Turancina bai fi kalma goma ba, rabinsu na gaisuwa ne. Na kama hannunta na kai ta taga. Na ɗauki jug ɗin, na tara a famfo, na nuna ƙofar ban ɗaki, na nuna kaina, na nuna Ilham, na ce sori. Ta yi murmushi ta gyaɗa kai, ta ɗauka wankewar nake nufi. Na sake yi, ta sake godiya. Ina tsaye na rasa yadda zan yi, sai Ilham ta ga jug a hannuna a ƙofar da ta saba. Ta tuɓe wando, ta shige, ta tsuguna, ta juyo tana jirana.

Murmushin ya bar fuskar Madam Nora a hankali. Ta dubi yarinyar, ta dubi jug, ta dube ni. Ta tambaya da yatsu, sau ɗaya? Na ɗaga yatsuna goma, na ce kwana. Ta karɓe shi, ta zubar da ruwan, ta shiga falo ta rufe ƙofa. Jim kaɗan na fara jin wani sauti ta cikin ƙofar, ana shessheƙa ana jan numfashi, ya tsaya ya dawo. Na sa tsohuwa kuka a kan mijinta da ya mutu.

Na hau sama na gaya wa Yaya. Ta buɗe baki za ta yi ihu, ɗinki ya hana ta, ta dafe ciki ta yi magana ƙasa ƙasa, wanda ya fi ihun ciwo.

"Na ce kada ki taɓa mata komai. Duk kayan gidan nan, sai kika zaɓi kakansu."

Ita ta gaya wa mijinta, ni na ɓuya a bayan labule. Yinin ranar yana waje a tsaye cikin sanyi yana kiran abokai ko an san inda ake ba da flat. In mun haɗu a matakala ya kalli sama in kalli ƙasa. Madam Nora ba ta fito ba ko shan shayi. Na haɗa kayana da na Ilham a jaka, ko tafiyata za ta sa ta huce.

Ranar suna aka raɗa a masallaci da safe, aka sa wa yarinya sunan Inna. Ragon ko kukansa ban ji ba, a leda ya zo a yanke daga wurin mahauci. Da azahar gida ya cika, 'yan rediyo da matansu, 'yan Gana, 'ya'yansu ana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci. Liman yana kujerar tsakiya. Ni ina kicin da Mma Azumi, wadda na lura azumin nata bai hana ta ɗanɗana nama ba.

Sai ga Madam Nora da rigar zuwa coci, jug a hannu. Ta sa aka kira Yaya Kabiru kicin, ta ce ya fassara, kada ya rage komai. Ta ce ita 'yar masu aikin gona ce, dangin mijinta kuwa masu gonar ne. Shekara talatin uwar mijinta ba ta yarda ta taɓa jug ɗin nan ba, wai hannunta na riƙe fartanya ne. Ko ranar da aka cika shi don ɗanta na cikinta, daga nesa ta kalla. Ta ce jiya da ta rufe ƙofa ta zauna za ta yi fushi, sai fuskar surukar tata ta faɗo mata, ta tuna yadda take ɗaga hanci. Dariya ta kama ta har sai da ta nemi maganin asma. Ta ce bayan dariyar kuma ta yi kukan, don mijinta yana son abin nan da gaske, shi ya sa ba ta fito ba.

Na durƙusa har ƙasa. Ta ce in tashi, ba a gama ba. Al'ada al'ada ce, an haifi yarinya a gidan nan, dole a cika shi, kuma dole a shanye abin da ke ciki. Baƙi ba su yi laifin komai ba. Ta wanke shi da hannunta sau uku. Mutum ɗaya ne zai sha.

Mma Azumi ce ta cika shi da zoɓo har baki, da saurinta. Aka fita falo, Madam Nora a gaba, ni a baya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Yaya Kabiru ya gyara murya ya ba da tarihin 'yan sa-kai da kwamanda, mutane suna ta mamaki suna ɗaukar hoto. Liman ya miƙo kofinsa. Madam Nora ta girgiza kai ta yi magana, Yaya Kabiru ya fassara yana kallon silin, wai a al'adar gidan ƙanwar mai jego ce kaɗai ke sha. Liman ya ce ma sha Allahu, kowace al'umma da hikimarta, wannan girmama zumunci ne.

Kofi huɗu ya ɗauka. Na farko na rufe ido. Zoɓona ne, da citta da kanumfari, ba abin da ya same shi, amma maƙogwarona ya san inda aka fito. Mma Azumi tana gefe tana cewa a ƙara wa yarinya, bai ƙoshi ba. Yaya tana kan kujera da jaririya, ta cusa fuska a mayafi, kafaɗunta suna rawa, tana riƙe da ɗinki. Matar wani ɗan jarida ta ce al'adar ta burge ta, in ta haihu ita ma ƙanwarta za ta sa.

Bayan la'asar baƙi suka watse. Muna tattara kwanuka Madam Nora ta hawo sama, abin da Yaya ta ce ba ta taɓa yi ba. Takardar haya ce a hannunta da biro. Ta zauna a bakin gado, ta shimfiɗa takardar a cinya, ta cire murfin biron, ba ta rubuta ba. Ta ce tana da tambaya ɗaya, kuma gaskiya take so. Wannan karon Yaya ce ta fassara.

"Wai lokacin da kike aikin da shi, wa ke kallonki? Kwamandan ko 'yan sa-kan?"

Na dubi Yaya ko za ta yi mini alama, ita ma ba ta san wacce amsar ce mai tsira ba. Ɗaya kakan mijinta ne, ɗaya babban mutum ne na sarki. Na rufe ido na ɗaga hannun dama kamar ina riƙe da shi, na karkata, na duba a raina abin da ke gabana.

"Mai hular ne," na ce. "Shi ya ga komai. 'Yan sa-kan bango suke kallo."

Yaya ta fassara. Madam Nora ta kalle ni, ta gyaɗa kai sau biyu.

"Ɗan Ingila ne, ba namu ba," in ji ta. "Ba komai. Ai ya saba da ruwa."

Ta sa hannu, shekara biyu.